Abin da Aka Gani a Cikin Karyar Inna

Inna ba ta son kare. Duk tasowarmu a ƙauyenmu, can gefen Dudunni, idan kare ya leƙo zaure sai ta sa an share wurin an yayyafa ruwa, ko da ƙasa ce zalla. Shi ya sa ranar da na zo gida na tarar da wata jar karya kwance a bakin ƙofar ɗakinta, ga kasko da sauran tuwo a gabanta, na tsaya ina kallo kamar wanda ya yi ɓatan gida. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta ce awaki take tsaro. Awakin nan kuwa suna can bayan rumbu, ko warinsu ba ya isowa inda karyar take.

Ni ne ɗan farinta, saboda haka ba ta kiran sunana, kuma ba ta yi mini doguwar magana. Ina aiki a sakatariya a Kankiya, can nake zaune da iyalina, sai ƙarshen mako nake leƙowa. Tun kafin zuwan karyar na sha ganin Inna tana dafe gefen cikinta na hagu idan za ta tashi daga tabarma, ta ɗan tsaya a sunkuye kafin ta miƙe. Na yi maganar asibiti har bakina ya gaji. Daga baya ta ce mini abin ya wuce, basir ne, ta sha jiƙo. Na ga kuma ta daina dafewa, a gabana dai. Amma hankalina bai kwanta ba, don zanenta kullum ƙara naɗuwa yake a jikinta, kuma tsoron da nake kwana da shi ke nan, cewa akwai wani abu a cikin nan yana cin ta.

Karyar ba ta da haushi, ba ta da wasa. Ba ƙarama ba ce, bakinta ya fara furfura. Ban taɓa ganin ta bi akuya ko ta kori kaza ba. Tana nan kwance, idonta a kan labulen ɗakin Inna. Wata rana da rana tsaka ina zaune ina shan fura, Inna ta yunƙura za ta tashi, sai na ji an yi nishi irin na tsofaffi. Na ɗago na dubi Inna, bakinta a rufe. Karyar ce. Na yi dariya na ce ashe har ta koyi halin masu gida, amma ba wanda ya taya ni dariyar.

Da bazara ta kama, lokacin barbarar karyar ya zo, sai karnukan ƙauyen da na rugagen Fulani suka yi mana sansani a ƙofar gida. Faɗa da safe, faɗa da yamma. Sun kifar da butocin masallaci, sun yaga wa wani dattijo gefen riga. Mai unguwa ya aiko, sannan ya zo da kansa, ya same ni a zaure ya ce ko a ba ta guba ko a kai ta daji a yar, mutane sun gaji. Na ce ba komai, abu mai sauƙi. Na shiga na faɗa wa Inna, ina ganin za ta ce a gaishe shi. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, duk wanda ya kashe karyar nan ya haɗa da ita. Ban taɓa jin ta yi magana irin wannan ba, ko a kan ɗan Adam.

Akwai wani likitan dabbobi a Kankiya da muka yi sakandare tare, mutum mai tsokana, wanda har yau yake kirana da "Ranka ya daɗe sakatare" alhali ya san ni ba sakatare ba ne. Na kai masa kuka. Ya ce ai akwai hanya ta uku: a tsaga cikinta a cire mahaifa, ta daina neman maza, maza su daina nemanta. Ya ce tun da aka kawo shi nan shanu da tumaki da jakuna yake fama da su, sai karnukan mafarauta in sun yi rauni, ba wanda ya taɓa kawo masa karya don wannan aikin. Har wani murna yake, kamar na kawo masa tsaraba.

Inna ce ta ba ni wahala. Da ta ji maganar wuƙa sai ta ɗaure fuska. Can ta ce, "Mi za su taɓa?"

Na ce, "Mahaifa."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai, Inna."

"Ka ce wallahi."

Uwa ta sa ɗanta rantsuwa a kan mahaifar karya. Raina ya ɓaci, amma na rantse, don gubar mai unguwa tana jira.

Na aro motar a-kori-kura wajen wani maƙwabcina. Na naɗe hannuwana da buhu don kada yawunta ya taɓa ni, na ja igiya, karyar ta kafe ƙafafu ta ƙi motsi. Sai da Inna ta fito har zaure, abin da ba ta cika yi ba, ta ce mata, "Tahi, ki dawo." Sai karyar ta hau da kanta. Duk tsawon hanyar nan, idan na duba madubi, tana tsaye ta juya baya tana kallon inda muka fito.

Asibitin dabbobin ɗaki biyu ne da baranda. Da hantsi muka shiga. Likita ya ɗora ta a kan teburin ƙarfen da yake duba tumaki, ya yi mata allura, jikinta ya saki, harshe ya zazzago gefe. Amma idonta bai rufe ba. Na ce, "Likita, ai tana gani." Ya ce irin allurar ke nan, ba ta san inda take ba. Ya aske cikin, ya rufe ta da koren ƙyalle mai huda a tsakiya, ni kuwa na fita na zauna a gindin bedi, don ba na son jini.

Na daɗe a zaune. Rana ta take, garin ya yi tsit, ko kukan akuya babu. Sai na ji ya ce, "Malam, shigo ka gani." Bai ce sakatare ba, kuma nan na san ba lafiya ba.

An ɗauke wuta, sai ya miƙo mini tocila ya ce in haska. Mahaifar tana cikin wani kwano a gefe, an gama da ita. Ya sa yatsu biyu ya ɗan janye hanji, ya ce in duba sama, ta hagu. Wani dunƙule ne, girman ƙwan agwagwa, launinsa kamar hantar da ta kwana, da wasu fararen jijiyoyi sun rarrafa a kansa. Gefe guda ya fi tudu. Idan ta ja numfashi sai ya taso, idan ta sauke ya koma.

Ya ce ƙari ne, kuma bai san irinsa ba. Ya manne da saifa da hanji, idan ya ce zai cire shi duka a wannan ɗakin, jini zai ƙare mata a kan tebur. Abin da zai iya shi ne ya yanki ɗan mitsitsi, ya sa a kwalba da ruwan magani, a aika Zariya su duba su faɗa mana ko ciwon daji ne ko ƙari ne kawai mai zaman lafiya. Ko wannan ɗin ma zai iya zubar da jini, amma yana ganin zai iya tsayar da shi. Ko kuma ya ɗinke, mu bar abin yadda muka same shi. Ya ce, "Karyarku ce. Sai dai ka yi sauri, allura ba ta jiran shawara."

Saura kaɗan in ce yanka. Ni mutum ne mai son a faɗa mini sunan abu, ko da sunan ba zai amfane ni da komai ba. Amma na rantse wa Inna, kuma rantsuwa ba ta san kare ba ne. Na kira wayar ƙanwata, wadda ke aure a nan ƙauyen, kullum kuma da rana tana wajen Inna. Na buɗe murya don hannuna ɗaya yana riƙe da tocila. Na ce ta ba Inna.

"Inna, an cire, lafiya lau. Sai dai likita ya ga wani abu a cikin."

Ina jin kaji suna tsattsaga a tsakar gidanmu.

Ta ce, "Hagu?"

Na ce, "Hagu."

"Ƙarƙashin haƙarƙari, ya ɗan ja baya. Kamar ƙwan agwagwa. Gehe guda ya hi tudu."

Na dubi abin a cikin hasken tocila. Na dubi likita. Hannunsa yana inda yake, bai motsa ba. Tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har gadon baya, a cikin wannan zafin da gumi ke ɗiga daga haɓata.

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ya isa." Muryarta wasai, irin wadda na daɗe ban ji ba. Sannan ta ce, "Kada ƙarhe ya taɓa shi. Ka ji ni ko? Kada ƙarhe ya taɓa shi."

Ƙanwata ta karɓi wayar, na ji ta fita waje, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ita ta hana a faɗa maka." Ashe tun bara Inna ta ji dunƙule a cikinta. Wata tsohuwar ungozoma daga wajen Bauranya ta zo ta lalluba, ta ce a samo karya mace, ba namiji ba. Kullum da safe, kafin Inna ta yi magana da kowa, a kwaɓa garin gero a dunƙula, ta murza shi a daidai wurin, a ba karyar ta cinye. A haka ciwon zai tashi ya koma can. Sharaɗin shi ne a riƙe karyar da kyau, kada a kashe ta, kuma kada ƙarfe ya taɓa abin a cikinta, in ba haka ba zai dawo wa mai shi. Ta ce har jiya an yi.

Na ce, "Ke ma da hankalinki?" Ta ce, "Yaya, me kake so in yi? Tun da aka fara take barci."

Likita ya ji komai. Ya ce, a hankali, ciwon mutum ba ya bin dunƙulen gari ya shiga kare. Karnuka idan suka manyanta suna yin irin wannan, ya sha karantawa. Ya ce, "Nata take kwatanta maka, Malam, ba na karya ba. Wanda ke ɗauke da abu ya san inda yake da girmansa. Kuma wanda ya san shi haka dalla-dalla, yana nan yana taɓa shi kullum." Ya ce ko me Zariya ta faɗa a kan wannan, ba zai gaya mana komai a kan Inna ba, ba wannan cikin ke buƙatar gwaji ba. Sai ya sake duban abin, ya ce, "Amma wannan na gefe guda ya fi tudu," bai ƙarasa ba.

Kunnen karyar ya motsa. Ta ja wani dogon numfashi ta sauke da nishi, irin nishin nan na tsakar gida. Likita ya ce ta fara dawowa.

Nan wata dabara ta zo mini, har na ji daɗin kaina. Na ce a mayar wa Inna waya. Na ce, "Inna, almakashi yana hannun likita. In kina so a bar shi, to ki yarda in kai ki asibiti a Katsina a duba ki. In ba haka ba yanzu zan ce ya yanka." Ban taɓa yi mata magana da irin wannan muryar ba. Sai ta ce, "Na yarda. Ya ɗinke ta."

Ya ɗinke. Da na wanke hannu a baranda na ce masa na yi wa tsohuwa wayo. Bai tsokane ni ba, ya ce Allah ya sa.

Inna ta cika alkawari. Bayan an warware wa karyar zare, na ɗauki Inna da ƙanwata muka tafi Katsina. Wata likita mace ta duba ta, aka yi hoton ciki, sannan aka kira ni. Yana nan, ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Likitar ta ce sai an sa wata doguwar allura an ciro ɗan yanki an gwada kafin su san abin da za su yi, kuma gara yanzu da anjima.

Na ce, "Inna, ga shi nan a hoto. Yana jikinki, bai je ko'ina ba."

Ta ce kufansa ne muka gani, wurin da ya tashi ya bari. Na ce to a gwada kufan. Sai ta gyara mayafinta, ta dube ni ido cikin ido, abin da rabona da shi tun ina yaro.

"Na ce a duba ni, an duba. Abin da ka hana a yi wa karya, shi za ka tsaya a yi mini?"

Idan na ce na hana ne don in yi mata wayo, na zama maƙaryaci a gabanta. Idan na ce na hana ne don na yarda da maganar ungozoma, to ta gama magana. Likitar ta yi nata ƙoƙarin, ƙanwata ta yi kuka, Inna ta tashi ta ce a zo a tafi, ta bar karya ba abinci.

Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noma. Karnuka sun daina zuwa, mai unguwa har ya aiko da godiya. Inna ta mayar da rayuwarta kan karyar nan. Idan na kawo nama sai in tarar da ƙashi da tsoka a kasko, ita kuwa ta ce ta ƙoshi. Ta sa an yi mata rumfa a bakin ƙofa don kada ruwa ya taɓa ta. Kowane mako idan na zo, cikin karyar ya ƙara fitowa ta gefe guda, ƙashin bayanta kuma ya ƙara bayyana. Inna tana sa zane biyu da babban mayafi ko ana zafi, don kada in ga nata. Amma ina ganin wuyan hannunta.

Matan unguwa suka rage shigowa. Daga zaure suke gaisuwa su juya. Ƙanwata ta ce wai ba sa son yadda karyar ke duban mutum. Ni kaina idan na shigo sai in kauce wa idonta, in yi sallama da ƙarfi don in ji muryata a gidan. Suna nan su biyu, ɗaya a kan tabarma, ɗaya a ƙasa, sun kwanta a gefe iri ɗaya, na dama, sun bar na hagu a sama.

Sau ɗaya na yi wa Inna tsawa. Na ce wannan shirka ce, na ce kashe kanta take yi muna kallo, na ce gobe zan ɗauke karyar in mayar a yanki abin in ga ƙarshen ƙarya. Sai ta miƙa hannu ta ɗora a kan karyar, matar da ta rene mu a kan cewa ko inuwar kare ƙazanta ce. Na fita na zauna a mota na yi kuka kamar yaro. Na koma wajen likitan dabbobi na tambaye shi, da na ce ya yanka a ranar, da me zai faru? Ya ce wataƙila ta tsorata ta ce ya dawo, ta bi ni asibiti da gudu. Wataƙila kuma tsoron ya kwantar da ita ta ƙi tashi. Ya ce shi ma ya sha tunanin wannan.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da ƙanwata ta kira ni a ofis, da azahar. Ta ce karyar ta tashi da ƙyar ta shiga ɗakin Inna, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kwanta a gindin gado, shi ke nan. Na taho. Na naɗe ta a buhu, na kai ta ƙarshen gona, na haƙa rami mai zurfi don kada wani abu ya tone. Da na ɗaga ta na ji abin ta cikin buhun, ya kai ƙaramin tulu, da tauri. Na rufe, na tattake ƙasar, na tsaya ban san addu'ar da ake yi ba.

Da na dawo gida na tarar da Inna a zaure. Ta yi wanka, ta sa hijabinta na zuwa biki, ga ƙullin kayanta a gefe da butarta. Ta ce, "Ya dawo. Mu tahi su yanka."

Ta yunƙura ta kasa tashi. Ni da ƙanwata muka ɗaga ta, kowa ya kama hannu ɗaya. Ba nauyi a jikinta ko kaɗan, sai a wuri guda.

Likitar nan ce muka sake samu. Ta ɗaga mayafin, ta ɗora hannu, ta lalluba wurin. Ba ta yi maganar allura ba wannan karon. Ta juyo gare ni, don ni ne namiji mai takalmin ofis, ta ce, "Malam, me ya sa sai yanzu?"

Na sunkuyar da kai. Inna ce ta amsa daga kan gado, cikin ladabi, kamar mai ba da haƙurin makara.

"'Yata, kada ki ga laihinsa. Da akwai mai riƙe mini."

Likitar ta dube ni tana jiran in yi mata bayani. Inna ba ta ga an yanke geron ba.